Wake Biyu a Zauren Malam Aƙilu

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu da ke Ƙofar Jatau, kowa yakan koma ɗaki ya ɗan miƙe, ban da mutum ɗaya. Malam Aƙilu yakan bi jikin katanga a hankali, hannunsa na dama yana shafar bango, har ya kai zaurensa. Ya buɗe ƙyaure ya tokare shi da dutse, don a cewarsa ƙofar makaranta ba ta zama a rufe bayan gari ya waye. Ya share daɓen da kansa. Ya shimfiɗa tabarmi biyu, babba ta ɗalibai, ƙarama tasa. Sannan ya jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da farin wake, ya zauna gaban wani faffaɗan allon laka mai gurabe jere-jere kamar na dara, ya fara zuba waken ɗaya bayan ɗaya. Babbar tabarmar nan haka za ta yini a shimfiɗe. Yawancin ranaku yakan naɗe ta da magariba ba wanda ya zauna a kanta. Gari na wayewa ya sake shimfiɗa ta.

Na san haka ne domin dakalina yana kallon zaurensa. Ni ne Ɗanjuma magini. Wanda bai san ni ba a cikin ganuwar Zariya, to baƙo ne, ko kuwa jiya aka haife shi. Ban taɓa zama a ajin boko ba, allon ma ban daɗe a kansa ba ubana ya ja ni wurin kwaɓa ƙasa. Amma soron da na ɗaure tun ina saurayi yana nan tsaye har yau, ko tsagewa bai yi ba. Na faɗo daga kan bene na miƙe da ƙafata. Katanga ta danne ni a Ƙofar Kibo har mata sun fara salati, na tone kaina na fito ina tambayar ina hulata. Shekarar amai da gudawa cutar ta kwashe rabin layinmu, ta zo kaina ta tsallake. Sa'o'ina kaf na raka su makwancinsu na dawo. Wannan maganar ma ni nake faɗa, Sharfaddeen mai shagon buga takardu yake rubutawa, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini ko kalma ɗaya. Mutum irina ba ya yabon kowa da arha. Yau dai zan jinjina wa mutum ɗaya, kuma ina da dalili: in ba ku taimaka ba, zuwa kaka za a ɗauke shi daga garin nan.

Malam Aƙilu malamin lissafi ne. A makarantun sakandare na gwamnati ya ƙare ƙuruciyarsa, daga wannan a tura shi waccan, har furfura ta cim masa ya yi ritaya. Shekarar da aka ce a fara koyar da yara kwamfuta, makarantar da yake ko kwamfuta ɗaya ba ta da ita, wutar lantarkin ma sai dai labari. Abin ya hana shi sukuni. Ya ce ba zai iya tsayawa gaban yara yana zana musu hoton akwati a allo yana cewa su haddace sunansa ba. Wata rana da la'asar ya tsallako wurina.

“Ɗanjuma, allo nake so ka yi mini. Na laka.”

“Allon laka? Malam, bokon ne ya fara taɓa ka?”

“Mai gurabe irin na dara. Layi-layi, kowane gurbi daidai ƙarƙashin ɗan'uwansa.”

“Me za ka yi da shi?”

“Kwamfuta.”

Na yi dariya har na ƙware. Amma na yi masa, na kuma yi biyu, ɗaya na makaranta ɗaya na zaure. Ƙasar da na kwaɓa musu na bar ta ta ruɓa sosai, na shafe su da makuba don kada ruwa ya ci su. Na makarantar ban san inda yake ba yanzu. Na zauren yana nan, ko ɓantarewa bai yi ba, don ni na yi shi.

Ga yadda yake koyarwa, kamar yadda na sha ji daga kan dakalina. Ya ce kwamfuta da wayar hannu, duk surutunsu, abu biyu kawai suka sani: akwai da babu. Gurbi mai wake akwai ne, gurbin da ba wake babu ne. Gurbin farko daga hannun dama ɗaya yake ɗauka, na kusa da shi biyu, na gaba huɗu, na gaba takwas, kowanne ninkin wanda ya gabace shi. In ka sa wake a gurbin farko da na uku, ka rubuta biyar ke nan. Shi ke nan ƙirgar, yaron da ya iya sayo gishiri ya iya ta.

Abin da ya fi ƙauna kuwa shi ne jerin lambobin da kowacce ita ke haifar da ta bayanta. Yana da irinsu da yawa a kansa, kowane da ƙa'idarsa, amma akwai guda da yake fara wa kowane sabon ɗalibi da shi. Ka dubi layin da ke gabanka, ka zuba irinsa a layin ƙasa. Ka sake zuba irinsa a kai, amma ka gusa da shi gurbi ɗaya zuwa hagu. Inda wake ya tarar da wake, ka kwashe su duka biyun. Inda ya tarar da gurbi ba kowa, ya zauna. Daga ƙwaya ɗaya tak sai a sami uku, uku ta haifi biyar, biyar ta haifi sha biyar, sai sha bakwai, sai hamsin da ɗaya, sai tamanin da biyar, sai ɗari biyu da hamsin da biyar. Ba da niyya na haddace su ba. Shekara da shekaru yara suna rera su a kunnena, ko kurma ne ya riƙe. Sharfaddeen ya ce masu kwamfuta suna da sunayen Turanci na wannan kwashewa da gusawa. Na ce ya riƙe kayansa, mu da wake muka san abin.

A wancan zamani zauren nan cika yake yi. Da safe kafin a tafi makaranta, da la'asar bayan an taso, har a soron waje ake tsugunawa. Ku je Ƙofar Doka ku tambayi Nafi'u mai gyaran waya. Da bakinsa ya gaya mini cewa ya faɗi jarrabawar lissafi har ubansa ya cire rai da shi, Malam ya same shi yana gyaran keke ya ce ya zo ya taya shi ƙirga wake. Bai ce masa karatu ne ba, da ya faɗa da bai zo ba. Nafi'u ya ce yau in ya buɗe cikin waya yana bin layukan nan ƙanana, allon laka yake gani. Akwai kuma Ibtisam ta gidan maƙwabtanmu, wadda ko magana ba ta iya yi a gaban mutane don kunya. Malam ya lura ba ta amsawa da baki amma hannunta ba ya kuskure, sai ya daina tambayarta, ya riƙa tura mata gwangwanin kawai. Yanzu tana Legas, ita ke rubuta wa kwamfuta abin da za ta yi. Da ta zo bikin ƙanwarta ta shiga zauren ta durƙusa ta taɓa allon, ta ce wannan ce kwamfutar farko da ta fara taɓawa.

Matarsa Nana, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ce ta taɓa cin galaba a kan allon. Wata rana baƙi suka sauka, wake ya kasa mata, ta leƙo zaure ba kowa, ta share gurabe kaf ta zuba a tukunya. Malam ya dawo ya tarar da allo fayau.

“Nana, ina tamanin da biyar ɗina?”

“Tana kan murhu, Malam. In an zubo maka ka ƙirga, in ba ta cika ba ka yi magana.”

Unguwa ta daɗe tana dariyar wannan. Amma daga ranar, duk kaka Nana takan zauna da faifai ta tsince manyan ƙwayoyi, farare tas marasa huji, ta cika masa gwangwanin. Waken da ke cikinsa yanzu shi ne na ƙarshe da ta tsinta. Ya yi sulɓi don taɓawa, ya rine ya koma kalar ƙasa. Na kawo masa sabo ya ce a kai cikin gida a dafa.

Kai ne, Malam, mai kwamfutar da ba ta jiran wuta. Kai ne ka ƙi yarda a ce 'ya'yan cikin ganuwa su tsaya a baya don makarantarsu ba ta da na'ura. Kai ne ba ka taɓa ce wa yaro daƙiƙi ba, sai dai ka ce ya sake tun daga ɗaya. Ni da nake kallonka na sani, ranar da aka yi maka ritaya ba wanda ya tara mutane, ba wanda ya yi jawabi. Ka dawo da 'yar jakarka a hannu, ka yi alwala, ka shimfiɗa tabarma, ka ce wa yaran da ke jiranka, “Ina muka tsaya?”

Daga nan abubuwa suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Nana ta rasu. Hawan jinin ido ya kama shi, aka yi ta kai shi asibiti a Kaduna, aka tsayar da abin amma wanda ya tafi ya tafi. Yanzu haske da inuwa yake gani, waken da yatsa yake karanta shi. Wuraren koyon kwamfuta suka buɗe a Tudun Wada da Sabon Gari, iyaye suka kwashe 'ya'yansu can, ban kuma ga laifinsu ba. Sauran yaran waya ta ɗauke musu hankali. Na taɓa jin wata mata tana ce wa ɗanta kada ya ɓata lokaci wurin makahon da ke wasa da wake. Malam ma ya ji, don kunnensa ya fi na kowa yanzu. Ya san takun yaran layin nan ɗaya-ɗaya. In ya ji taku ya nufo zaure sai ya ɗaga kai ya gyara zama, ya jawo gwangwani kusa. Takun ya wuce, ya mai da kansa ƙasa.

Ni kuwa tun farko ina da rigima da jerin nan nasa, ban kuma ɓoye masa ba. In kana ɗora layi kan layi, akwai inda layin ke cika maƙil, kowane gurbi da wake, gwanin kyau. To layin da ke bin wannan sai ya wofinta gaba ɗaya, wake biyu kawai su rage, ɗaya a can ƙarshen dama, ɗaya a can ƙarshen hagu, tsakiya wayam.

“Malam, wannan gini ne? Ka cika layi, ka zo ka bar rami a kansa? Da yarona ne ya yi mini haka da na kore shi.”

“Ƙa'idar ce ta kawo haka, Ɗanjuma. Shigo ka zauna in nuna maka.”

“Ni? Ban zauna a tabarmar ɗalibai da baƙin gemu ba, sai da fari? Boko aikin ragwaye ne, waɗanda ba sa iya ɗaukar tubali.”

Ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa. Haka muke kullum, shi a zaure, ni a dakali, lungu a tsakaninmu.

'Yarsa ɗaya ce, Batulu, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Uwata. Tana aiki a Abuja. Tun rasuwar Nana take so ya koma wurinta, yana cewa ba zai bar ɗalibansa ba. Da ta gaji sai ta ɗaure shi da alkawari: duk ranar da ta zo ta tarar babu ɗalibi ko ɗaya a zauren, zai bi ta. Ya yarda, don a lokacin akwai sauran yara biyu-uku. Ba laifinta ba ne. Wace 'ya ce za ta yi barci ubanta yana lalube shi kaɗai a gida mai ɗakuna shida?

Cikin daminar nan, wata Asabar, ta zo. An yi ruwa da safe, mota ta kasa shiga lungu, ta tako da ƙafa tana jan akwati. Daga yadda yake tsalle a kan duwatsu na san ba komai a cikinsa, kayan ubanta ta zo kwashewa. Malam yana zaune gaban allo. Ya kai layi na takwas, wanda ya cika maƙil, ya kwana biyu a nan bai ɗora na gaba ba. Ya san abin da ke biye, hannunsa ya ƙi zuwa.

Bayan sun gaisa ta ce, “Baba, ina ɗaliban?”

“Za su zo, Uwata. Ruwa ne ya tsare su.”

“Ruwa ya ɗauke tun hantsi. Baba, tabarmar nan ko sawun ƙafa babu a kanta.”

Ya ci gaba da shafar allon.

“Alkawari ka yi mini.”

“Na yi,” in ji shi. Ya lalubo murfin gwangwanin ya fara rufewa.

Duk ina ji daga dakali. Ni da katanga ta danne ban ji tsoro ba, ƙarar murfin nan ce ta tsorata ni. A duk faɗin Zariya mutum ɗaya ya rage da ke kirana Ɗanjuma gatsal, ba Baba ba, ba tsoho ba. In ya tafi, wa zan yi wa tsiya da safe? Na tashi, na tsallaka lungu, na tuɓe takalmina, na zauna a tsakiyar babbar tabarma na tanƙwashe ƙafa.

“Malam, a gafarce ni, na makara.”

Batulu ta dube ni sama da ƙasa. “Baba Ɗanjuma, kai ne ɗalibin?”

“Ni ne. Ni ne ma na ɗaya a ajin.”

“Ba kai ne ka ce boko aikin ragwaye ne ba?”

“Na faɗa. Yanzu na tsufa, na isa ragwanci.”

“To ɗora layi na gaba mu gani.”

Na jawo gwangwani. Abin da na shekara da shekaru ina kallo, me zai gagare ni? Na zuba takwas a ƙasa, na zuba takwas a kai na gusa da su gurbi ɗaya. Na bi tsakiya ina kwashe duk inda biyu suka haɗu. Da na gama sai ga shi: ɗaya a dama, ɗaya a hagu, gurabe bakwai a tsakani ba kowa. Na dubi faɗin nan. Tun da nake ban taɓa barin faɗi irin wannan ba abin da ya tokare shi ba. Akwai ƙwaya ɗaya a tafin hannuna, kafin in ankara na dasa ta a gurbin tsakiya. Hannun magini ne, ba ya shawara da kowa.

Malam ya miƙo yatsunsa ya bi layin daga dama. Ya zo tsakiya ya tsaya cak.

“Wa ya sa wannan?”

“Ginshiƙi ne, Malam.”

“Ginshiƙi! A lissafina?” Ya miƙe zaune sosai, muryarsa ta fito har lungu, mai tallar ƙosai ta tsaya ta leƙo. “Ɗanjuma, wa ya haife shi? Nuna mini uwarsa a layin sama! Duk ƙwayar da ke allon nan na samanta ne ya kawo ta. Ba a sa wake don ido ya ji daɗi. Cire shi, ka kwashe duka, ka sake tun daga ɗaya!”

Ni, Ɗanjuma, da manyan attajirai ke lallashi in ɗaure musu soro, aka daka wa tsawa a gaban mace. Na waiwaya in ga ko Batulu tana mini dariya. Tana yi, ta toshe baki da mayafi, amma hawaye na zuba. Daga baya ta ce rabonta da jin wannan muryar tun mahaifiyarta tana raye.

Na sake tun daga ɗaya, yana bin hannuna da yatsa, har muka dawo layin nan mai wake biyu. Wannan karon na bar shi yadda yake. Batulu ta daɗe tana kallonsu.

“Baba, haka zai zauna? Biyu kawai?”

“Sai in ba a ɗora na gaba ba. Ɗanjuma, ɗora.”

Na ɗora. Kowane ɗaya daga cikin biyun nan ya sami wani a kusa da shi, suka zama huɗu. Malam ya shafa ya ce, “Ɗari bakwai da saba'in da ɗaya. Daidai ne.”

Da yamma na raka ta bakin titi, akwatin yana tsalle kamar yadda ya zo. Kafin ta shiga mota ta ce, “Baba Ɗanjuma, na san abin da ka yi. Na bar shi zuwa kaka. Amma tsoho ɗaya ba aji ba ne. In na dawo na tarar ku biyu ne kawai zan tafi da shi, in ka cika surutu in haɗa da kai.”

Tun daga ranar ban yi fashi ba. Ya fara mini wani jerin ma, mai wata ƙa'idar daban. Maganar ginshiƙi kuwa ina nan a kan bakana, na dai bar masa ne don allonsa ne.

Malam Aƙilu, na gode. Na gode a madadin Nafi'u da Ibtisam da sauran waɗanda suka ci moriyarka suka manta hanyar zaurenka. Na gode da ka ci gaba da shimfiɗa tabarma ranakun da ka san ba mai zuwa. Allah ya saka maka, ya jiƙan Nana, ya bar maka hasken da ya rage. Malaman yanzu, ku zo ku ga yadda ake koyarwa da abin da ke hannu, ku daina jiran a kawo muku na'ura.

Ku kuma mutanen Ƙofar Jatau, da Ƙofar Kibo, har ku na Wusasa in kuna ji, dawa ta fara fitar da kai, kaka ta kusa. Ku turo 'ya'yanku da la'asar. Wanda Malam ya koyar ya turo nasa ɗan, ko ya zo da kansa ya zauna ko na ɗan lokaci ne. Ba a zuwa da littafi, ba a zuwa da biro, waken ma akwai. Zauren ba ya yoyo, ni na yi masa yaɓe. Za ku tarar da ƙofa a tokare da dutse, Malam a ƙaramar tabarma, ni a ƙarshen babbar ta wajen bango. Wannan gefen nawa ne, na riga kowa, kada wanda ya yi mini gardama. Sauran tabarmar duk ba kowa a kanta.